Sikanata na ja mini farin layi a kan takardun mutane, ina mafita?

Mai Kafe: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakonku cikin gaggawa. Sikanar shagona, siririyar nan da ba ta da wayar wuta sai kebul ɗin USB kaɗai, yau kwana huɗu ke nan duk takardar da na ɗora mata sai ta fito da wani farin layi siriri tun daga sama har ƙasa, can wajen gefen hagu. Jiya wata yarinya ta kawo sakamakonta na NECO za a ɗora mata a intanet, layin ya bi ta kan lambar jarrabawarta ya cinye rabin lamba guda. Dole na tura ta shagon maƙwabcina, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na goge gilashin ya fi sau goma. Na cire direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, na sake sawa. Wani ya ce mini fitilar ce ta mutu, in je in sayi sabuwa kawai. Shekararta uku a hannuna, ga lokacin rajista ya kama, kuɗin sabuwa kuma ba ya kusa. Me kuke gani?

Autan Zaure: Wa'alaikumussalam. Yaya, me zai sa ka wahalar da kanka? Wayar hannunka ta ishe ka. Ka ɗauki hoton takardar da manhajar sikanin, ta daidaita maka gefuna ta mayar da ita PDF, shi ke nan. Ni rabona da taɓa sikana na manta.

Hajiya Mai Fotokwafi: Auta, wannan maganar wanda ba ya zaman shago ce. Takardar da aka yi wa leda, ka ɗauke ta da waya ka ga yadda hasken fitila zai kwanta a kan hatimin. Ga inuwar hannu, ga karkacewa. Mutum ya biya kuɗinsa don a fitar masa da aiki mai tsabta. Waya tana fitar da mutum kunya in an matsu, amma ba ita ce jarin shago ba.

Baba Injiniya: Wa'alaikumussalam ɗana. Kada ka sayi komai tukuna, kuma kada ka kwance komai tukuna. Da fitila ce ta mutu, da ba layi ɗaya za ka gani ba, shafin gaba ɗaya zai yi duhu ko ya rine da launi guda. Ina so ka yi mini gwaji uku ka dawo da amsa.

Na farko, a ina kake ganin layin, a fuskar kwamfuta ko sai ka buga a takarda? Ina tambaya ne domin an sha kawo mini sikana lafiyarta lau, alhali firinta ce ke jan layin. Ka buɗe hoton a kwamfuta ka ƙara girmansa ka duba da idonka.

Na biyu, ka ɗauki takardar nan ka juya ta, kai ya koma ƙasa, ka sake sikanin. In layin ya bi takardar ya koma ɗaya gefen hoton tare da ita, to lanƙwasa ce ko karce a jikin takardar. In kuwa ya tsaya a inda yake a kan gadon sikanar, matsalar tana cikin na'ura.

Na uku, ka ɗora farar takarda sabuwa fil, sannan ka ɗora baƙa ko mai duhu, ka gaya mini a kan wacce layin ya fi fitowa.

Mai Kafe: Baba na yi duka. A fuskar kwamfuta yake tun kafin a buga. Na juya takardar, layin bai motsa ba, yana nan a gefen hagu. A kan farar takarda da ƙyar ake ganinsa, amma da na ɗora bangon wani littafi mai ruwan ƙasa sai ga shi tar kamar an ja da alli.

Baba Injiniya: Madalla. Yanzu mun kama bakin zaren. Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa, domin in ka gane shi, gobe kai za ka koya wa wani.

Idon sikana ba kamar na kyamara yake ba da zai ɗauki shafi a ƙyaftawa ɗaya. Dogon layi ne na ƙananan idanu dubbai jere a kan sandar nan da kake gani tana tafiya a ƙarƙashin gilashi. Kowane ido yana kula da siririn layi guda tun daga saman takarda har ƙasanta. Shi ya sa in datti yana kan gilashi, ɗigo za ka gani a wuri ɗaya, domin sandar ta wuce shi sau ɗaya ta ci gaba. Amma in abin ya shafi ido guda, to zai ja kuskurensa a tsawon shafin duka. Ka ga ke nan goge saman gilashi ba zai taɓa magance dogon layi ba, ko ka kwana kana gogewa.

To me ya sa naka fari ne ba baƙi ba? A ƙarƙashin gilashin, can inda sandar take komawa ta huta, a ɓoye ƙarƙashin robar gefe, akwai wani farin ƙyalle mai tsawo da masu ƙerawa suka manna. Kafin ta fara aiki, sikana tana kallon wannan ƙyallen ta auna kowane ido da shi, ta ce wannan shi ne fari na gaskiya. In ƙura ko ƙwaro ya zauna a kan ƙyallen, idon da ya dace da wurin zai ga duhu. Sai na'urar ta ɗauka idon ne ya yi rauni, ta ƙara masa ƙarfi. Da ya fito kan takardarka sai ya riƙa ganin komai da haske fiye da 'yan'uwansa. Wannan shi ne farin layinka, kuma shi ya sa ya fi fitowa a kan abu mai duhu. Ga shi muna cikin hunturu, ƙura ba ta neman izini.

Malamin Kwamfuta: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayani ya fita. Ina so in ƙara abu guda kafin a kai ga sukudireba. Wasu sikanonin ba sa yin wannan awon kowane lokaci, suna ajiye na baya ne su ci gaba da amfani da shi. Ka shiga manhajar sikanar taka ta asali, ba ta Windows ba, ka nemi wurin saituna, a wasu akwai maɓalli mai suna Calibration. Ka rufe murfi ka danna shi. In ƙurar ta riga ta gusa, sabon awo kaɗai zai share layin.

Mai Kafe: Malam na same shi, na danna sau biyu. Layin ya ɗan matsa kaɗan kamar faɗin gashi, amma yana nan.

Baba Injiniya: Matsawar nan albishir ce. Idon da ya mutu ba ya matsawa. Datti ne, sai an buɗe.

Hajiya Mai Fotokwafi: Baba ka yi haƙuri, a nan kam ban goyi baya ba. Ni na taɓa buɗe tawa a kan irin wannan shawarar. Gilashin ashe da gam mai fuska biyu aka riƙe shi, ƙugiyoyin roba biyu suka karye, da na mayar kuma layi ɗaya ya zama uku saboda ƙurar da ta shiga lokacin da take buɗe. Wannan yaron da ita yake ci. In ya lalata ta a tsakiyar rajista, wa zai biya shi? Ya kai wa mai gyara, ko ya riƙa matsar da takarda gefe yadda layin zai faɗa inda babu rubutu har kakar ta wuce.

Baba Injiniya: Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma dabarar matsar da takarda tana aiki in takardar ƙarama ce kamar fasfo ko katin shaida. Amma A4 tana cika gadon ne kusan baki da baki, babu inda zai matsar da ita. Kuma mai gyaran da zai kai wa, yawancinsu a bakin titi suke kwance kaya, iska na kaɗawa. Wanda zai fi tausayin na'urar shi ne mai ita. Abin da ya same ki ba laifin buɗewa ba ne, wuri da lokaci ne.

Ɗana, in za ka yi, ga yadda nake yi. Da asuba ko da dare, ƙofa a rufe, fanka a kashe, an yayyafa ruwa a ƙasa an goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma. Ka zare kebul. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki don kada ka manta yadda abu yake. Ka nemi kusoshi a ƙarƙashin maƙalin murfi da ƙarƙashin ƙafafun roba. In ka ja ka ji abu ya ƙi, kada ka yi masa ƙarfi, akwai abin da ka bari. Akwai wata faffaɗar waya fara kamar ribon da ke bin sandar, kada ka lanƙwasa ta, kada ka ja ta, ita ce rayuwar na'urar. Farin ƙyallen kuma kada ka dirje shi, ka hure shi da abin hura iska na roba irin na masu kyamara, in ya ƙi sai ka shafa a hankali da auduga busasshiya. Kada ka hura da baki, yawu zai fantsama. In ka karce ƙyallen, layin ya zama na dindindin.

Autan Zaure: Baba, fetur ko tina ba za su fi saurin cire datti ba?

Baba Injiniya: A'a Auta, kul. Fetur da tina da ruwan goge farce suna cin roba, su bar hazo da ba ya fita. Ga gilashi, ɗan sifirit ko ruwan goge gilashi ya isa, kuma a kan tsumma ake zubawa, ba a kan gilashin ba, domin ruwa yana bin gefe ya gangara ciki. Tsumman ya zama mai laushi irin na goge tabarau. Takardar tishu tana barin gashi.

Hajiya Mai Fotokwafi: To na ji, amma ni dai ina nan a kan bakata, wanda hannunsa ke rawa kada ya gwada. Tunda Baba yana kusa, ga tawa matsalar. Sabuwar da na saya, wani lokaci ta yi aiki lafiya, wani lokaci kwamfuta ta ce ba ta ganta ba, wani lokaci kuma sandar ta kai tsakiya ta tsaya cak. Yaran shago sun ce aljanu ne, ni na san akwai dalili.

Malamin Kwamfuta: Hajiya, a ina kika soke kebul ɗin, kuma wane kebul ne?

Hajiya Mai Fotokwafi: A wani ɗan akwati mai baki huɗu, tare da firinta da filasha. Kebul ɗin kuma na ƙara masa wani don teburin da nisa.

Malamin Kwamfuta: To ga aljanun nan. Irin wannan sikanar, da fitilarta da motarta duk daga USB suke shan wuta. Bakin USB 2.0 abin da aka tsara masa ya bayar shi ne miliamfiya 500 a kan bolt 5, na 3.0 mai shuɗin harshe kuma 900. Kin raba wannan ɗan abincin tsakanin baki huɗu, kin kuma ƙara tsawon waya, alhali iyakar kebul na 2.0 mita 5 ne, shi ma in mai kyau ne. Lokacin da mota da fitila suka ja wuta tare, sai ƙarfin ya faɗi, na'urar ta suma a tsakiyar hanya. Ki matso da teburin, ki sa kebul ɗinta na asali kai tsaye a bayan kwamfuta, ba a bakunan gaba ba. In laftof ce, ki bar ta a caji lokacin aiki, kuma ki shiga saitin wuta ki kashe abin da ake kira USB selective suspend, domin shi ke sa Windows ta yanke wa na'ura wuta in ta ga ta yi shiru.

In bayan haka ta sake cewa ba ta ganta ba, ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta services.msc, ki gangara ki nemi Windows Image Acquisition, ki danna Restart. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Kuma kada a buɗe manhajar sikanin biyu a lokaci guda, ta farko tana riƙe na'urar, ta biyu ta ce babu.

Hajiya Mai Fotokwafi: Na mayar da ita baya, na yi takarda goma sha biyu a jere ba ta tsaya ba. Allah ya yi albarka Malam.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina bin zancen tun ɗazu daga nan Maraɗi. Ni ba shago gare ni ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gafaka biyu na rubutun hannu, wasu na larabci wasu na ajami, takardun sun fara gutsurewa. Na aro sikana siririya don in adana su. Matsala biyu na samu. Inda takarda ta yi kumburi ko ta lanƙwashe, rubutun sai ya fito dishi-dishi. Sannan rubutun bayan takarda yana leƙowa ta gaba ya gauraye da na gaban. Na'urar ce ba ta da lafiya?

Baba Injiniya: Allah ya jiƙan Malam, ya sa abin da ya rubuta ya zame masa haske. Na'urar lafiyarta ƙalau, halittarta ce haka. Sikana iri biyu ce. Akwai CIS, su ne sirara marasa nauyi masu cin wutar USB, irin su Canon LiDE da Epson V39. Idonsu yana manne da gilashi, abin da ya ɗaga sama ko da kaɗan ne ba sa ganinsa sosai. Akwai kuma CCD, masu kauri da nasu abin wutar daban, irin Epson V600, masu madubai da ruwan tabarau a ciki. Su suna gani ko da takarda ta ɗan ɗaga. Don aikinka CCD ta fi, in za ka samu aro.

Amma ina roƙonka abu ɗaya, kada ka danne murfi da ƙarfi don takarda ta kwanta. Tsohuwar takarda karyewa take a kan lanƙwasa. Sa'arka ɗaya, littattafan malamanmu yawanci warwara suke ba a ɗinke ba, sai ka riƙa ɗaukar ganye ɗaya ɗaya da hannu biyu, ka mayar da shi inda ka ɗauko don kada jerin ya rikice.

Rubutun baya kuma, murfin sikana fari ne, haske yana ratsa takarda ya dawo da abin da ke bayanta. Ka shimfiɗa baƙar takarda mai kauri a bayan ganyen kafin ka rufe, za ka ga ya ragu ƙwarai. Shafin zai ɗan yi duhu, wannan ana gyara shi daga baya.

Malamin Kwamfuta: Ka yi su da launi, kada ka yarda da baƙi da fari, domin jan tawadar wasulla da ta sharhin gefe ɓacewa take. Dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, ka sa 400 zuwa 600, ka ajiye a TIFF, tsarin hoton da ba ya rage inganci, sannan ka fitar da JPEG mara nauyi na rabawa 'yan'uwa. Ka ajiye a wuri biyu.

Autan Zaure: Me zai hana ya sa a 1200 ko sama, tunda na'urar tana kaiwa? Ni ina ganin kowane aiki gara a ƙure mata.

Malamin Kwamfuta: Auta, bari mu yi lissafi. A4 a kan dpi 300 tana ba da ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, kusan miliyan 8.7. Da launi, kowane ɗigo yana cin bayit 3, ka ga kusan megabayit 26 kafin a matse. In ka ninka dpi sau biyu, nauyi sau huɗu yake ninkuwa, domin faɗi da tsawo duk sun ƙaru. A 600 ya haura megabayit 100, a 1200 ya haura 400 a shafi guda. Rabin masu kukan cewa sikana ta yi nauyi ko kwamfuta ta daskare, wannan ne ciwonsu. Takardar shaida da za a ɗora a shafin rajista, 200 zuwa 300 ya ishe ta, wani lokaci ma 150 in an ƙayyade nauyi sosai. Manyan lambobin nan an yi su ne don fim da ƙananan hotuna da za a faɗaɗa.

Hajiya Mai Fotokwafi: Kuma ku daina sikanin fasfo a kan gadon gaba ɗaya sannan ku zo kuna neman rage nauyi. A yi duban farko, a ja akwati a kan hoton kaɗai, sannan a danna. Wani abin kuma, takardar da aka shafa wa farin ruwan gyaran rubutu ko aka manna wa fasfo da gam, a bari ta bushe, a cire ƙusar sitefula. Gilashina na farko sitefula ce ta karce shi.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe. Wani abokina yana da mai kaurin, zai ba ni, amma ya ce tun da ya sauya kwamfuta ta ƙi aiki, kuma in an kunna ta tana wata ƙara garrr sandar ba ta motsi.

Baba Injiniya: Ƙarar nan, kafin komai ka duba makulli. Yawancinsu suna da ɗan maɓalli a ƙasa ko a baya da hoton kwado, na riƙe sandar lokacin tafiya. In a kulle yake, mota za ta yi ta ja bel yana tsallake haƙora. Ka zare wuta, ka buɗe makullin, ka sake kunnawa. Kada ka bar ta tana ƙarar, haƙoran roba ne. In ba makulli ba ne, to giris ɗin sandar ƙarfen da take zamewa a kai ya bushe ya haɗu da ƙura, sai an goge an sa ɗigon man keken ɗinki. Kuma ranar da za ka ɗauko ta a mota ko babur, ka mayar da makullin.

Malamin Kwamfuta: Batun ƙin aiki kuma direba ne. Tsofaffi da yawa an yi musu direba ne na Windows mai bit 32, sababbin kwamfutoci kuwa 64 ne, Windows 11 ma babu mai 32 gaba ɗaya. Ka fara duba shafin kamfanin da kansa, kada ka sauke direba daga shafukan da ba ka sani ba, ƙwayar cuta ake kwasowa. In babu, akwai manhajar VueScan da ke tuƙa tsofaffin sikanoni masu yawa, ta kuɗi ce amma ana iya gwada ta kafin a biya. A Linux kuma akwai SANE kyauta. In direban ya samu amma manhajar kamfanin ce ke ba ka wahala, NAPS2 kyauta ce kuma tana haɗa shafuka da yawa a PDF ɗaya.

Mai Kafe: Jama'a na dawo. Na yi yadda Baba ya ce, bayan sallar asuba, ƙofa a rufe. Kusoshi biyu ne da ƙugiyoyi, ɗaya ta ɗan tsage amma ta kama. Da na kifa gilashin sai ga wani ɗan fiffiken ƙwaro manne a kan farin ƙyallen, daidai gefen da layin yake. Na hure shi ya tashi. Cikin gilashin kuma ashe duk ya yi hazo ban sani ba, na goge shi da sifirit a tsumman tabarau. Da na haɗa, babban layin ya tafi amma wani siriri ya fito a tsakiya, gabana ya faɗi, na tuna maganar Hajiya. Sai na danna Calibration kamar yadda Malam ya nuna, shi ma ya ɓace. Na gwada da bangon littafin nan mai ruwan ƙasa, babu komai.

Hajiya Mai Fotokwafi: Alhamdulillahi, na taya ka murna ƙanena. Yanzu ka sa tela ya ɗinka mata riga, kana tashi ka rufe ta, kuma ka ɗauke ta daga bakin taga.

Baba Injiniya: Ka duba ƙarƙashin teburin ma. Inda fiffike ya shiga, masu shi suna kusa, kuma ɗumin na'ura suke bi. Kada ka fesa maganin ƙwari a kanta, ka fitar da ita waje kafin ka yi feshi.

Mai Kafe: In sha Allahu Baba. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yarinyar nan ta jiya akwai sauran takardar haihuwarta da ta ƙaramar hukuma da ba a ɗora ba, na aika ƙanena gidansu ya ce ta kawo su da hantsi.